Mai Hoto a Cikin Gida: Nazarin Lamarin Wata Mai Koyon Hoton Biki a Sakkwato

Lamarin da za a duba a nan na wata matashiya ce mazauniyar birnin Sakkwato, wadda ta kammala karatun NCE a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ta zauna jiran aikin koyarwa bai samu ba, sai ta shiga koyon ɗaukar hoton biki a hannun ƙanin mahaifiyarta, wanda ya daɗe da buɗe shagon hoto a cikin gari. An sakaya sunanta da na kawun nata da na gidan da abin ya shafa, domin maganar ta taɓa mutuncin wata amarya, kuma dangi sun riga sun sasanta ta. Na zaɓi wannan lamari ne saboda ya tona wani abu da masu koyar da sana'ar ke yawan tsallakewa. Ana koya wa yaro kyamara, ana koya masa haske, amma da wuya a zaunar da shi a bi masa hanyar da hoto ke bi tun daga ɗauka har ya isa hannun masu shi, a kuma ƙirga masa idanun da ke kallon hoton a kan wannan hanya.

Duk wanda ya san biki a Sakkwato ya san kashi biyu ne. Ɗaurin aure na maza ne, ana yin sa a masallaci ko a ƙofar gidan waliyyin amarya, sau da yawa bayan sallar Juma'a ko da hantsin Asabar, kuma cikin 'yan mintoci waliyyi da wakilin ango sun gama siga, an ambaci sadaki, an shafa fatiha, an shiga gaishe-gaishe da rabon goro. Wannan kashin kowane mai hoto namiji yana iya ɗauka. Amma mafi yawan biki a cikin gida yake, tsakanin mata: kamu, sa lalle, wankan amarya, walima, yinin biki, kai amarya da buɗar kai. Wasu gidaje na masu hali a irin su Arkilla ko Gawon Nama suna kama zauren taro su bar namiji ya ɗauki komai, amma akwai gidaje da yawa, musamman na malamai da tsofaffin gidajen cikin gari, da ba su yarda baligi ya wuce zaure ba, komai tsadar kyamarar da ya rataya. Shekara da shekaru kawun yana rasa wannan kashin, yana kuma ganin ranakun da amarya ta fi so ta tuna an ɗauke su da wayar ƙawaye, rabi duhu rabi girgiza. Saboda haka shigo da ɗiyar yayarsa taimako ne, kuma lissafin kasuwa ne. Mahaifinta bai amince ba sai don kawun muharraminta ne, shi zai kai ta gidan biki, shi kuma zai dawo da ita.

Kyamarar da ya ba ta tsohuwar Canon 600D ce, samfurin 2011, wadda yaran shagon suka riga suka gaji da ita. Sharaɗinsa na farko shi ne kada ta bar kyamara ta zaɓa mata komai. Abu uku ne ke daidaita hasken hoto, kuma sai da yatsunta suka iya juya su ba tare da ta kalla ba kafin ya bar ta ta taka gidan biki. Akwai faɗin ƙofar da haske ke bi ta cikin gilashi, wanda ake rubutawa da harafin f, inda ƙaramar lamba irin f/1.8 ke nufin ƙofa a wangale. Akwai tsawon lokacin da murfin ciki ke buɗewa, misali kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa, wanda idan ya yi tsawo duk mai motsi zai fito a shafe. Sai ISO, wanda ɗaga shi ke haskaka hoto amma ya bar yashi-yashi a fuska, abin da tsohuwar kyamara irin tata ke saurin yi. Filin gwajinta ƙannenta ne, bayan magariba, a ɗaki mai ƙwan lantarki ɗaya, domin kawun ya ce mata wanda ya iya fitar da fuskar yaro mai guje-guje a irin wannan ɗaki ba zai ji tsoron ɗakin amarya ba.

Hasken waje kuwa a garin nan ya yi yawa ne. Da tsakar rana, rana tana tsaye bisa kai, inuwar gwaggwaro ko mayafi ta sauka a kan idanu, fuska ta rabu gida biyu. Sannan ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne ya mayar da abin da ya gani matsakaicin toka-toka, don haka idan farin leshi ko farar shadda suka cika hoto sai ya rage haske, fuskar baƙar fata ta dushe, tufafi kuma su yi dauɗa-dauɗa. Ta koyi auna haske a kan fuska, da janye mutane zuwa inuwar katanga ko ta dogon yaro, da ƙara ɗan filasha ko da rana don cike ramin idanu. Abin da ya fi ba ta wahala shi ne rumfunan haya da ake kafawa a tsakar gida ranar yinin biki, domin jar rumfa ko shuɗiya tana rina duk fuskar da ke ƙarƙashinta, ido bai lura a wurin ba sai an buɗe hoton a kwamfuta. Nan ne ta fahimci amfanin ɗauka a tsarin RAW, wanda ke adana bayanin launi gaba ɗaya a iya gyara shi daga baya, duk da cewa hoto ɗaya yana haura megabait 20.

A cikin ɗaki matsalar ta bambanta. Shawarar da ake ba kowane sabon shiga ita ce ya sayi gilashin milimita 50 mai f/1.8, saboda arha da kuma jan haske, ita ma da shi ta fara. Sai dai a kan kyamara irin 600D, wadda allon karɓar haskenta ƙarami ne, milimita 50 yana matse hoto kamar milimita 80 a babbar kyamara. Ɗakin amarya kuwa gado ya ci rabi, akwatunan lefe sun ci saura, ƙawaye masu anko sun cika abin da ya rage. Sai ta jingina da bango amma mutum biyu kaɗai ke shiga hoton. Gilashin milimita 24, wanda ke ɗaukar wuri mai faɗi, shi ne ya warware mata wannan. Ta kuma daina haska filasha kai tsaye a fuskar da aka yi wa kwalliya, wanda ke sa goshi ƙyalli ya bar baƙar inuwa a bango, ta koma ɗaga kansa sama hasken ya bugi farin silin ya zubo a hankali. Inda silin ko fentin ɗakin mai launi ne, sai ta nemi a ɗage labule ta zaunar da amarya gefen taga. Yanayi ma ya koya mata nasa darasi. A hunturu ba ta sauya gilashi a tsakar gida, domin ƙura tana shiga ta zauna a kan allon ciki ta riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a kowane hoto, sannan tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba ta barin kyamara da batura a cikin mota ko a rana.

Akwai ilimin da ba kawun ne ya ba ta ba, ta tashi da shi ne a gida, kuma a ganina shi ne ya sa sunanta ya yi saurin yaɗuwa tsakanin mata. Ta san ba a shiga gidan biki a ɗaga kyamara kafin a durƙusa a gaida Inna da Gwaggo da sauran manya, a kuma tambayi wace ce ke riƙe da sha'anin amarya. Ta san akwai dattijan mata da ba su son a ɗauke su saboda fahimtarsu ta addini, kuma ba aikinta ba ne ta yi musu gardama. Ta san lokacin da ake kai amarya gaban mahaifinta ya yi mata nasiha ba a cewa a maimaita, ba a kuma matsawa kusa da mai kuka da filasha. Mai hoton da ya san jerin al'adun yana isa wurin kafin abin ya faru, wanda bai sani ba kullum bayan mutane yake ɗauka.

Ta fuskar kuɗi, ta shiga sana'ar ne a mummunan lokaci. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 da sakin farashin naira a Yunin wannan shekara, duk wani kayan hoto, sabo ko na hannu, ya yi tashin gwauron zabi, domin da dala ake shigo da shi. Ba ta da kwamfuta, ba ta kuma iya gyaran hoto ba. Tsarin da suka bi shi ne wanda shagon ya saba: kawun ya karɓi aiki, ita ta ɗauki na cikin gida, da dare ta miƙa masa katin memori, ya kai shago, samarin da ke aiki a wurinsa su zuba a kwamfutar shago su tace su gyara, ita kuma a ba ta kasonta. Babu wanda ya ga aibin wannan tsari, har ranar da ya fashe.

Bikin na wani gidan malamai ne a cikin gari. Gwaggon amarya ce ta zo da kanta ta ce sun ji akwai mace mai hoto, kuma sharaɗinsu ɗaya ne, mace kaɗai suke so. Aka amsa mata da baki, ta ba da kafin alƙalami ta tafi. Ranar sa lalle amarya tana ɗaki da ƙawayenta, kanta ba ɗankwali, hannuwa a buɗe har gwiwa, ƙafafu a miƙe ana zana mata lalle, duk sun saki jiki saboda mai hoton 'yar'uwarsu mace ce. A ranar ta ɗauki hotunan da suka fi duk na baya kyau. Katin ya bi hanyarsa ta kullum. Washegari ɗaya daga cikin samarin shagon ya ga wani hoto da hasken taga ya sauka a kan fuskar amarya da hannuwanta, ya burge shi, ya ɗora a sitatus ɗinsa na WhatsApp tare da lambar shago a matsayin talla. Bai kai awa 24 da sitatus ke yi ba aka sa shi ya cire, amma wani ya riga ya kwafa, hoton ya kai ga ƙanwar ango da ɗaya daga cikin abokansa tun kafin a kai amarya ɗakinta.

Gwaggon ba shago ta nufa ba, gidan su mai hoton ta je ta sami mahaifiyarta, wanda ke nuna wa suka ɗora wa laifin: wadda suka buɗe wa ɗaki. Kawun ya ɗauki wani dattijo na unguwa suka je wurin mahaifin amarya ya ba da haƙuri, ya yafe ragowar kuɗin aiki, ya goge hotunan daga kwamfutar shago a gaban yayan amarya, ya kuma dakatar da yaron. An kai amarya, auren bai sami matsala ba. Amma gidan bai sake kiransu ba, kuma wasu gidajen da suka riga suka yi magana sun janye ba tare da sun faɗi dalili ba.

Idan aka bi lamarin a tsanake za a ga babu wanda ya yi ƙarya. An nemi mace, an kawo mace. Abin da gwaggon take nufi shi ne kada idon namiji ya ga ɗiyarsu a wannan hali, shagon kuwa ya ɗauka magana ce ta wanda zai riƙe kyamara. Yaron da ya ɗora hoton ya yi laifi, amma abin da ya ga ana yi kullum ya yi, domin kusan duk masu hoton biki da hotunan amare suke talla a Instagram da TikTok, kuma da yawa ba su tambaya. Ko da bai ɗora ba, an riga an saɓa sharaɗin tun lokacin da samari suka buɗe hotunan a kwamfuta suna zaɓa. A ra'ayina kaso mafi girma na kawun ne, domin shi ya sayar da alkawarin sirri alhali bai sauya komai a tsarin shagonsa ba. Ita kuma abin da ya rage mata shi ne ba ta taɓa tambayar ina katin ke kwana ba, kuma babu wanda ya koya mata cewa wannan tambaya tana cikin sana'ar.

Ba sabon ma'auni ake nema ba. Aya ta 31 a Suratun Nur ta jero waɗanda mace za ta iya bayyana adonta a gabansu, kuma a kan wannan ne gidajen suke yarda da mace su hana namiji. Hoto bai sauya hukuncin wanda ya halatta ya gani ba. Ta fuskar dokar ƙasa ma, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta shafi duk bayanin da za a iya gane mutum da shi, hoton fuska yana ciki, kuma wanda aka ba shi dama ya ɗauka don albam ba a ba shi dama ya yi talla da shi ba. Ina ganin ya kamata kowane mai shagon hoto ya faɗa wa yaransa wannan tun ranar farko, kafin ya nuna musu inda ake sa batir.

Abin da ta yi bayan haka shi ne ya sa na ga lamarin ya cancanci a rubuta. Tana cikin adashe da niyyar sayen babbar kyamara ta hannu, irin Nikon D750 ko Canon 5D Mark III, waɗanda ke ɗaukar kati biyu su rubuta kowane hoto sau biyu, abin da ke da muhimmanci a aikin da ba a maimaitawa. Da ta kwashi adashen sai ta sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu da ma'ajiyar bayanai ta waje, ta ci gaba da tsohuwar kyamararta. Kawun bai so haka ba, amma na ga ita ce da gaskiya, domin ƙarancin kyan hoto bai taɓa kore mata gida ko ɗaya ba. Ta zauna ta koyi Lightroom, manhajar gyaran hoto, yawanci ta bidiyoyin YouTube da kuma tambayar kawun, har ta iya tacewa da daidaita launi da kanta. Yanzu katunan cikin gida daban suke, ba su shiga shago, ba ta kuma ba da aronsu, saboda ta gano cewa manhajojin da ke ceto hoton da aka goge bisa kuskure su ne kuma ke iya dawo da wanda aka goge da gangan, sai an yi wa katin shafewa mai zurfi wadda ke cikin kyamarar. Ba ta shafe kati sai hotunan sun zauna a wuri biyu. Idan ta gama, takan je ta zauna da amarya su zaɓa tare, ta miƙa mata hannu da hannu. In kuma dole sai ta WhatsApp, tana turawa a matsayin fayil, domin tura shi a matsayin hoto yana matse shi ya rage masa inganci.

Riƙe gyara a hannunta ya jawo mata wata muhawarar da a da samarin shago ke yanke wa. Amare da yawa suna cewa a ƙara musu haske, wato a mayar da su farare a goge duk wani tabo. Ta zaɓi ta cire ƙurji da ƙyallin gumi ta bar launin fata yadda yake, in amarya ta nace sai ta nuna mata biyun ta zaɓa. Ina goyon bayanta a nan ba tare da wata tantama ba, domin albam ɗin da jikoki za su buɗe su kasa gane kakarsu bai yi aikin da aka biya kuɗi dominsa ba.

Ta kuma daina karɓar aiki da baki. Takarda ce shafi ɗaya da Hausa, mai ɗauke da ranakun da za ta zo, adadin hotunan da za ta gyara, ranar miƙawa, kafin alƙalami da ragowa, sai layi biyu da take karantawa da ƙarfi a gaban wadda ta kawo aikin: wa aka yarda ya ga hotunan, kuma ko an yarda a yi talla da wani daga ciki. Mafi yawa suna cewa a'a, wasu su yarda da hoton hannu mai lalle ko na kayan ado ba fuska. Hotunan liƙi ma sun shiga wannan layi, tunda sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta wulaƙanta naira, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba ko duka biyun, kuma a 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da mutane a kan haka bisa bidiyoyin da suka yaɗu a intanet.

Abin da bai warwaru ba shi ne wankin hoto. Manyan injunan buga albam suna hannun maza, don haka duk hoton da za a wanke sai ya bi ta gabansu. A yanzu amarya tana ware na mayafi su tafi albam, sauran su zauna a waya, abin da wasu ba su jin daɗinsa domin na ranar lalle ne suka fi so. Ƙaramar firinta mai tankin tawada za ta iya buga su a gida, amma kuɗinta da na takarda da tawada dole su fito daga wani wuri, ga shi aikin na lokaci ne: yana cika kafin azumi da bayan sallah da ƙarshen shekara, ya ɗauke a Ramadan. Ita tana so ta ƙara farashi a kan aikin da namiji ba zai gani ba ko kaɗan, domin ita kaɗai ke ɗauka, ta tace, ta gyara, ta kai. Kawun yana ganin gidajen da suka fi buƙatar wannan ba su ne masu kuɗi ba, kuma ƙarin zai mayar da su wayar ƙawaye. Zuwa lokacin rubuta wannan nazari ba su daidaita ba, ta kuma ɗage sayen firintar sai ta ga abin da bukukuwan Sha'aban za su bari.